Zarton Baba Arzika

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baba Arzika hannu ya san ba ya sakinsa da wuri. Zai amsa gaisuwa, ya tambayi gida da kasuwa, amma idonsa ba a fuskarka yake ba, yana kan babban yatsanka. Ya juya shi, ya latsa tsokar, ya duba gefen da ya yi kanta, kamar mai sayen rago yana taɓa kitse. In kai baƙo ne, ka ɗauka duba yake maka. Mu da muka san shi mun san awo yake yi, kuma in ka yi sake zai zaro guntun alli daga aljihu ya ce ka biyo shi shago.

Ranar sadakar arba'in ɗinsa na zauna ina jin yadda kowa ke ba da labarinsa, kowa yana ƙara gishiri. Wani har cewa ya yi ya taɓa yanke wa jami'in kwastan teburi. Bai yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da idona, tun da ni ne mai sayar masa da abin da yake yankewa. Ni ne Jelani mai kayan kwamfuta. Da kabu-kabu na fara tsakanin Illela da Konni, na koma ɗauko tsofaffin wayoyi, har Allah ya sa yanzu ake sauke mini dilolin kayan gwanjo daga Kwatano. Ban iya kuka a gaban mutane ba, ban kuma iya yabon da ya wuce kima ba. Abin da na iya shi ne in faɗi abu yadda yake.

Baba Arzika mai buga takardu ne tun kafin a haife ni. Da tafireta biyu ya fara a wata rumfa kusa da hanyar boda, ɗaya ta Faransanci, ɗaya ta Ingilishi, domin mai albasa ko mai shanu da zai tsallaka yana bukatar kowanne. Da kwamfuta ta zo bai yi gardama da ita ba. Ya sayi tsohuwa, ya koya, ya ci gaba. Abu ɗaya ne bai taɓa yafe wa kwamfuta ba: dogon maɓallin nan na ƙasan kibod, wanda ake bugawa da babban yatsa don a bar tazara tsakanin kalma da kalma. Shi bai taɓa kiransa da wani suna ba sai gungume.

Mutane sun ɗauka hauka ce ta tsufa, ko tsabar rowa. Akwai rowar kam, ba zan ɓoye ba. Amma tushen abin ba nan yake ba, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Amosanin gaɓoɓi ne ya kama shi. Daga ɗan ƙaramin yatsan hannun dama ya fara, wanda ke miƙewa ya taɓa maɓallin gogewa da na sauka sabon layi. Likita a Sakkwato ya ce masa ciwon ba ya komawa baya, yatsa bayan yatsa zai bi, ya je ya huta. Baba Arzika ba shi da ɗa namiji. 'Ya'ya mata biyu gare shi, ɗaya tana aure a Amarawa, ɗaya a Konni, kuma surukan nasa mutanen kirki ne, tun a lokacin suka aiko cewa ya rufe shago za su ɗauki nauyin gidan. Ya ce a gaya musu ya gode. Ni kuwa ya ce mini ranar da hatsin suruki ya shiga tukunyarsa, ranar a fara haƙa masa kabari. Duk yanke-yanken da kuka gani, wannan yake gudu.

Ranar farko da ya zo mini da maganar, ana kwance sabuwar dila a ƙofar shagona. Ya tsuguna ya fara tsinta. Ba ya taɓa kibod na zamani masu laushi, yana cewa buga su kamar dangwala yatsa ne a cikin tuwon jiya. Tsofaffin nan masu nauyi yake nema, masu ƙas-ƙas, waɗanda kowane maɓalli ke da nasa sifirin a ƙasa. Ya ɗago ɗaya ya karkata shi wajen rana ya kira ni.

"Jelani, zaka ka gani. Mi ka gani nan?"

Na ce gungume na gani. Ya ce in duba da kyau. Sai na lura duk tsawonsa a dushe yake, wuri ɗaya kawai ke ƙyalli, ɗan fili da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, inda babban yatsan mai shi ya shekara yana goga. Ya ɗauko na biyu, haka. Na uku, haka. Ya ce wannan ƙyallin shi ne gaskiya, sauran duk ƙasa ce da aka killace ba a noma ta. Ya ce Baturen Faransa da na Ingila ba su taɓa yarda da juna ba, har wurin zaman baƙaƙe sun saɓa, wanda wannan ya sa sama wancan ya kai shi ƙasa, amma da aka zo kan gungume sai suka haɗa baki. Sun ɗauki manyan yatsu biyu, mafi ƙarfi a hannu, sun ba su aiki ɗaya, sun jibga wa ɗan ƙaramin yatsa aiki uku. Ya ce kamar ka ɗaure shanun huɗa biyu a inuwa ne ka sa ɗan akuya ya ja garma.

Maganar ta shige ni, amma ni ɗan kasuwa ne, na juya ina sallamar wani. Da na waiwayo sai na ji ƙarar zarto. Ya ciro gungumen, ya taka shi da ƙafa a kan bencina, yana yanka. Ba mu yi ciniki ba, ko farashi bai tambaya ba. Na ce Baba, kayana ne fa. Bai ɗago ba sai da gefen ya faɗi ƙasa. Ya hure garin robar, ya ɗauki guntun ya sa aljihu, sannan ya dube ni.

"To, yanzu ya ragu. Sai ka rage."

Na rage. Ban san dalili ba har yau. Daga ranar, in an sauke dila sai in ware masu ƙas-ƙas in tura bayan kanta, in ba haka ba zai yanka kafin in buɗe baki.

Abin da yake yi da filin da ya samu shi ne abin kallo. Sai ya ciro maɓallan saman nan da ba wanda ke taɓawa, ya dasa su a gefen guntun gungumen, ya ja siririyar waya ta ƙasa ya liƙe da dalma. Gogewa ta dawo ƙarƙashin babban yatsan hagu, ɗan ƙaramin yatsan da ya sandare ya samu hutu. Aikin ba kyau a ido, duk tabon wuta da gam, amma yana yi. Guntayen kuwa ba ya yar da ko ɗaya. Da su yake tokare ƙafar teburi, da ɗaya yake ɗiban sukari, ɗaya kuma na sa takalmi ne. Ya taɓa ba ni guda ranar sunan ɗana, a nannaɗe cikin takarda, ya ce yaro zai yi wasa da shi in ya girma.

Sai matsala ta ɓullo. Ashe a ƙarƙashin gungume akwai wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe da ke riƙe shi kada ya karkace. In ka gajarta gungumen, ƙarfen ya yi masa tsawo, in ka cire shi kuma maɓallin ya riƙa maƙalewa. Ya gwada wayar ɗaurin kaya, ta yi laushi. Ya gwada ƙusa, ta yi kauri. Ya yi kwanaki yana zagaya gari yana lanƙwasa duk ƙarfen da ya gani. Daga baya na ga ya daina nema, yana ta fara'a, ban tambaya ba.

Damina ta faɗi. Matarsa Inna Kulu tana da wata laima baƙa da yayanta ya kawo mata tsaraba daga Makka, ba ta fito da ita sai da dalili. Ran nan za ta suna a garin Darna, hadari ya taso, ta buɗe laima a bakin titi, sai gefe guda ya rufto mata a fuska kamar fiffiken kazar da mota ta taka. Haƙarƙarin laimar uku babu. Ba ta koma gida ba, ba ta tafi sunan ba. Shagonsa ta nufo, a jiƙe, ina nan zaune. Ta ajiye laimar a kan teburinsa. Ya dube ta, ya dubi laimar, ya ce ai ruwa ta gefe ɗaya yake zuwa, in ta juya lafiyayyen gefen wajen gabas ba abin da zai taɓa ta. Ya ƙara da cewa laima mai haƙarƙari takwas ga mutum ɗaya, ita ma gungume ce.

Inna Kulu ta miƙa hannu ta ɗauke zarton daga kan teburi ta sa cikin zani ta fita.

Sai da aka yi kusan mako ba zarto. Ya zo wurina aro, na ce ban da shi, kuma da gaske ban da shi. Ya je wurin kafinta, Inna Kulu ta riga shi zuwa. Ya daina cin abincin rana don fushi. Muna ta dariya a kasuwa, ana caca kan wa zai fara sauka. Sai ga shi wata safiya da zartonsa a aljihu, yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Ya ce mini mace ba ta iya jure shirun namiji. Da na haɗu da Inna Kulu na tsokane ta, na ce Inna kin ba mu kunya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta leƙa ɗaki ne da safe ta same shi yana fama da maɓallin wuyan rigarsa, ya kasa sa shi, yana yi yana waiwaye kada ta gani. Ta ce yatsa na biyu ne ya tafi. Sai ta je ta tono zarton daga cikin tukunyar daddawa ta ajiye masa a kan buzu.

Wata guda yana yanka gungume yana warin daddawa.

Yanzu sai maganar alli, wadda ita ce kowa ya fi tunawa. Baba Arzika ya ƙudura cewa abin da ya gano ba nasa ba ne shi kaɗai, duk mai buga kibod a Illela yana bukata. Amma kafin ya yanka wa mutum sai ya san inda yatsansa ke sauka. Sai ya shafe gungume da alli fari fat, ya zaunar da kai, ya tsaya a kanka ya harɗe hannu a baya, ya ce buga. In ka gama ya duba inda allin ya goge. Ya auna malaman makaranta, ya auna masu shagon buga takardu, ya auna yaran da ke cike wa mutane takardun jarrabawa. Kowa dama. Ya zo mini da sakamako yana murna, ya ce magana ta ƙare, duk garin nan da dama ake bugawa, don haka tazara a dama, gogewa a hagu. Na ɗauko masa kibod biyu daga dila waɗanda ƙyallinsu ke hagu ƙarara. Ya kalle su a wulaƙance ya ce na Turawa ne, ba wanda ya kwaɓe su suna yara.

Cikin waɗanda ya auna har da Alhaji Tunau ɗan canji, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Tun suna yara suke tsokanar juna, ba a taɓa ganin sun haɗu ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Alhaji Tunau yana da kwamfuta a ofishinsa da yake rubuta wa abokan hulɗarsa na Konni da Kwatano saƙo. Baba Arzika ya zauna ya haɗa masa kibod na musamman, mafi kyau da ya taɓa yi, har goge tabon dalma ya yi. Bai gaya masa ba. Ya jira Alhaji Tunau ya tsallaka Konni, ya je ya cire na ofishin ya sa nasa.

Kashegari da hantsi sai ga Alhaji Tunau ya ratso kasuwa, kibod a hammata, waya tana jan ƙasa. Ya ce tun safe yake rubutu, duk kalmar da ya gama sai injin ya cinye ƙarshenta ya manne ta da ta gaba. Ya tura wa wani babban mutum saƙo bai duba ba, mutumin ya kira yana tambaya ko lafiya. Ya ce Arzika ya sa masa aljani a ofis. Baba Arzika ya karɓa ya buga layi uku, tsaf. Ya miƙa masa ya ce buga in gani. Ya tsaya a kansa. Alhaji Tunau ya buga a hankali, tsaf.  Sai wani ya kira Baba Arzika daga waje, ya juya, Alhaji Tunau ya ci gaba da bugawa da saurinsa na kullum. Ni ina gefe ina kallo. Babban yatsan hagu ne ke sauka, fat, fat, kowace sauka tana share baƙi ɗaya.

Baba Arzika ya waiwayo a daidai lokacin. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Tunau," ya ce, "ashe kai bahago na?"

Ku da kuka san garin nan kun san nauyin maganar. Mutumin da ya je Makka, mai karɓar kuɗin jama'a yana miƙa musu, a ce masa bahago a gaban mutane. Daga baya Inna Kulu ta gaya mini kakarsu ta sha ɗaure masa hannun hagu da tsumma yana yaro har ya koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Babban yatsan ne kawai ba wanda ya tuna ya hora. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk wanda Baba Arzika ya tsaya a kansa da alli, dattijo yana kallon hannunka, wa zai yarda ya motsa hagu? Awon gari guda ya yi, abin da ya auna kunya ce.

Alhaji Tunau ya ce shi ba bahago ba ne, ba a taɓa yin bahago a gidansu ba, injin ne mahaukaci kamar mai shi. Ya fita ya bar kibod ɗin a nan.

Da Baba Arzika ya bar maganar nan da ta mutu. Amma ba ya barin magana. Ya kwance kibod ɗin ya juya shi, tazara ta koma hagu, gogewa ta koma dama. Ya ɗauka ya nufi layin 'yan canji ranar kasuwa, lokacin da wurin ya cika, ya tsaya ya ɗaga murya ya ce ga na bahago an gyara. A ransa wasan taubasai yake yi. Alhaji Tunau bai ɗago kai ba. Ya ce wa na kusa da shi a tambayi dattijon nan ko canji ya kawo, in ba canji ba ne ya ba mutane wuri.

Baba Arzika ya dawo da kibod ɗin shago, ya nannaɗe cikin buhu ya ɗora a saman kanta. Daga ranar suka koma gaisuwar mutunci, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce. Ba wanda ya sake kiran wani bawansa. Mu da muke dariya muka ga abin ya daina ba da dariya.

Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Waya ta cinye rabin aikinsa, kowa yana rubuta abinsa a tafin hannu. Aka rufe boda, aka buɗe, aka sake rufewa, masu albasa suka ragu. Yatsu kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ni ba sai na tambaye shi jiki ba. In na shiga shago sai in dubi gungumen. In ya ƙara gajarta, an ƙara sabon maɓalli a gefensa, na san wani yatsa ya ajiye aiki. Yara masu wucewa suna leƙowa suna cewa gungumen Baba ya kusa ƙarewa. Yana dariya yana cewa saura kaɗan ya gama da shi.

Sai babban yatsan dama ya kumbura. Wannan ne bai taɓa sa wa a lissafi ba, don a kansa ya gina komai. Shago ya kwana biyu a rufe, ya ƙara kwana. Labari ya kai Amarawa. Surukinsa ya aiko da buhun gero a kan amalanke, ba tare da wata magana ba, don kada ya kunyata shi. Baba Arzika ya ce a ajiye a zaure. Ya ce duk wanda ya shigar da shi cikin gida bai yafe ba. Inna Kulu ta zo shagona da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce abin da ke cikin rumbu ya kusa ƙarewa, buhu yana zaure kaji suna zagaya shi, shi kuma yana ɗaki yana kallon hannunsa. Ta ce in je, ko zai ji maganata.

Ban je da niyyar lallashi ba. Na je in gaya masa gaskiya irin ta kasuwa, cewa kaya in sun ƙare an rufe shago, ba abin kunya ba ne. Na same shi a kan buzu, hannun dama a cinya kamar ba nasa ba. Kafin in fara ya ce in ɗauki mabuɗi mu je shago. Muka tafi a hankali. Muka wuce buhun a zaure, bai dube shi ba.

A shago ya nuna saman kanta da haɓa. Na sauko da buhun da ke can, na kwance. Kibod ɗin Alhaji Tunau ne, na bahago, ko ƙura bai yi ba. Ya sa na haɗa shi da kwamfuta. Ya ciro alli da hannun hagu, allin ya faɗi, na ɗauka na shafe masa guntun gungumen. Ya zauna. Na tsaya a kansa yadda na ga yana yi wa mutane.

"Juya baya," ya ce. "In ana kallon mutum, ƙarya shika yi."

Na juya na fuskanci ƙofa. Wannan ita ce kaɗai amsa laifin da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ba ni ya kamata ya gaya wa ba. Na daɗe ina kallon titi, babura suna wucewa, a bayana ƙas, shiru, ƙas, ƙas, shiru. Mutumin da a da in yana bugawa sai ka ce ruwa ne a kan kwano. Da ya ce in juyo, allin ya goge a can ƙarshen hagu, ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ja layi da farce. Ya ce daga nan za a yanke, a dasa maɓalli biyu a filin, don hannun hagun ma yatsu uku ne suka rage masa. Ya zaro zarto daga aljihu. Ya gwada riƙewa da dama, ya zame. Ya gwada da hagu, ya zame. Sai ya miƙo mini ta wajen ƙota.

Na taka gungumen a kan benci na yanka. Yana tsaye yana faɗa, na karkace, na cika sauri, hannuna na ɗan kabu-kabu ne. Da guntun ya faɗi ya sa ƙafa ya jawo shi wajensa. Abin da ya rage bai fi sauran maɓallan girma ba. Ya juya shi a tafin hannu.

"Ya ƙare," ya ce. "Babu sauran abin yankewa."

Ni na liƙa wayoyin yana nuna mini. Kashegari ya buɗe shago. Ya sa aka mayar da buhun gero Amarawa da gaisuwa mai kyau da goro, ya ce a gaya wa yaron Allah ya yi albarka, ba a kai ga nan ba tukuna.

Ya yi aiki da hannun hagu daga daminar shekarar har aka yi girbi aka kai amfanin gona gida. Takardar da a da yake gamawa kafin mai ita ya gyara zama, yanzu sai mutum ya je ya yi salla ya dawo. Wasu suna jira, wasu ba sa jira. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, amma da shi ake awo a gidan. Ranar da zai rasu ya buɗe shago da safe, ya fara buga wa wasu masu albasa yarjejeniya, ya kai rabi ya ce su dawo da la'asar, ya gaji. Ya je gida ya kwanta bayan azahar. Da suka dawo da la'asar, wanka ake masa.

Buhun geron ya dawo ranar sadakar uku, a kan amalanken nan dai. Mai turawa ya tsaya a zaure yana jiran umarni. Inna Kulu ta leƙo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a shigo da shi, ai ba maigidan ne zai ci ba. Da shi aka yi gumbar sadaka.

Ranar arba'in, bayan an watse, na je shagon in kwashe kaya don mai wurin yana son abinsa. Ina cikin naɗe wayoyi sai inuwa ta rufe ƙofa. Alhaji Tunau ne. Ya tsufa shi ma, ban lura ba sai ranar. Ya yi ta kallon teburin da aka tokare da guntayen gungume. Ya ce ya ji an ce da nasa kibod ɗin Arzika ya ƙarasa. Na ce da shi ne, amma an ƙara yanke shi, an daidaita shi da hannun Baba, ban san ko zai yi wa wani ba. Ya ja kujera ya zauna. Na kunna masa kwamfuta. Ya ɗora hannu biyu a kai bai buga ba.

"Jelani," ya ce, "juya baya."

Na juya. Sai ƙas-ƙas ya tashi, da sauri, ba tsayawa, ba gogewa, irin ƙarar da shagon ya shekara bai ji ba. Mai shayin da ke gefe har leƙowa ya yi. Can ƙarar ta tsaya. Ban juyo ba, don na ji abin da ya biyo bayanta, kuma ba a kallon dattijo a wannan hali. Da ya gama ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, bawan nan nasa ya iya aiki. Ya naɗe kibod ɗin cikin buhunsa ya rungume ya fita. Ban ce masa ya biya ba, shi ma bai tambaya ba. Yana kan teburinsa yanzu a layin 'yan canji, a fili, kowa yana gani.

Zarton yana wurina, Inna Kulu ta ce in riƙe. Har yanzu in an sauke dila ina ware masu ƙas-ƙas in tura bayan kanta, sai daga baya in tuna ba wanda zai zo ya yanka.

Allah ya jiƙan Baba Arzika, ya yafe masa kurakuransa, da laimar Inna Kulu, da maganar da ya yi a layin 'yan canji. Ya yalwata masa kabarinsa, ko da zai ce filin ya yi yawa. Allah ya miƙa masa littafinsa a hannun dama, ya kuma ba hannun ƙarfin riƙewa. Amin.